Wane suna za mu ba manifol na hayaƙi da Hausa?

Malamin fasaha, Gusau: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina da yaran gareji bayanin yadda ake kwance abin da Turawa ke kira exhaust manifold a jikin a-kori-kura, a kuma mayar da shi. Noti, sufana, fakin da salansa duk sun zauna a bakinmu, ban taɓa su ba. Wannan ƙarfen ne ya tsaya mini. Ga wanda bai san shi ba, a gefen kan inji yake ɗaure, yana da baki a saitin kowace silinda, huɗu ke nan a Hilux mai silinda huɗu. Bakunan su tattaru su zama hanya guda da ke gangarawa zuwa salansa. Injin V6, mai silinda shida, biyu gare shi, dama da hagu. Me za mu kira shi?

Bakanike, Talata Mafara: Wa alaikumus salam, Malam. Mu dai manifol munka taras iyayen gidanmu na cewa tun zamanin Fijo 504. In ka tura yaro wurin mai kayan mota da wani suna, hannu banza zai dawo.

Malamin fasaha: Oga, ban ƙi ta taka ba, a kanti a ci gaba da cewa manifol. Sai dai manifol biyu ne a inji, na shigar iska da na fitar hayaƙi, kuma sunan bai gaya wa sabon yaro komai a kan ko ɗaya ba. Ina son kalmar da in ya ji ta, zai san gefen da zai nufa da sufanarsa.

Direba, Jega: Maƙogwaron inji fa? Ko a ce kan salansa, tunda daga nan salansa ta faro.

Bakanike: Maƙogwaro ya fi kama da inda inji ke shaƙar iska, ɗan'uwa. Kan salansa kuwa kar ma a fara, zai ɓata wa mutane kaya. Mai mota na jin salansa, wurin mai waldar bakin hanya zai nufa. Ita salansa falle ce da bututu, ana ɗinke ta nan take. Wanga ƙarfe galibi na zubi ne, mai kauri da gautsi. In ya tsage sai an gasa shi tukuna, a yi waldar da sandar da ta dace da shi, sannan a binne shi cikin yashi ya huce a hankali. Wanda ya yi mai irin waldar salansa, tun bai gama hucewa ba, zai sake tsagewa gefen ɗinkin.

Malamar Hausa, Birnin Kebbi: Malam, biyu na kawo, matattarar hayaƙi da mahaɗar hayaƙi, amma ta biyun na fi so. Matattara wuri ne da abu ke taruwa ya zauna, shi ya sa muke cewa matattarar ruwa. Hayaƙin nan kuwa ba zama yake ba, wucewa yake da ƙarfi. Mahaɗa ita ce inda hanyoyi ke gamuwa su ci gaba a matsayin guda, yadda muke kiran Lokoja mahaɗar Kwara da Binuwai. Kuma ta zo da abokiyar tafiya: na shigar iska, da ke karɓar iska ta hanya ɗaya ya raba wa silindodi, sai a ce masa mararrabar iska.

Malamin fasaha: Madalla, Malama, Allah ya ƙara basira. Bari in sa ta cikin aikin mu ji ko za ta ɗauka.

"Kada ka taɓa mahaɗa sai inji ya huce sarai, domin tana zafin da har ja take yi. Cire kan batir. Kwance farantin da ke kare zafi, zare wayar sansa (na'urar da ke auna iskar da ke cikin hayaƙi) a hankali, sannan ka raba mahaɗa da bututun salansa. Notocinta sun sha wuta da tsatsa, don haka jiƙa su da man kwance tsatsa ka ba su lokaci. Fara sassautawa daga na bakin gefe, ka nufo tsakiya. Bayan ta fito, kankare ragowar tsohon fakin (shimfiɗar da ke tsakanin mahaɗa da kan inji), ka toshe ramukan kan inji da tsumma kada datti ya faɗa. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar mahaɗa ka duba ko ta lanƙwashe. Wajen mayarwa sa sabon fakin, cire tsummokaran, ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku."

A kunnena dai ta zauna. Ko alamomin lalacewarta sun fi sauƙin faɗi yanzu: mahaɗa ta tsage, shi ya sa inji ke tas-tas da safe ya rage in ya ɗau zafi, ga baƙin hayaƙi ya shata gefen fakin, ga mota ta ƙara shan mai saboda iskar da ke kutsawa ta tsagar tana ruɗa sansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hayaƙin da ke shiga wurin direba. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ga mutum ya rufe gilashi lokacin hunturu ya kama hanyar Funtuwa.

Bakanike: To Malam, na yarda, mahaɗa ba ta yi wa baki nauyi ba. Amma ƙara abu biyu. In kusar da ke dasa cikin kan inji ta karye, yaro ya aje guduma ya kira babba, don kan Hilux mai fetur na alminiyam ne, bai son dukan ganganci. Walda noti aka yi bisa guntun, zafin ya sassauta shi, a juyo shi waje. Na biyu, Hilux mai dizal da tabo (turbo, mai tura wa inji ƙarin iska), tabon bisa mahaɗa yake ɗaure, sai an raba su, kuma a kula da bututun man da ke shiga cikinai.

Malamin fasaha: Na ƙara su, Oga, na gode. A takardar zan rubuta mahaɗar hayaƙi a farko tare da manifol, saboda zuwa kanti, daga nan sai mahaɗa kawai.

Direba: Ita kusar da ke karyewa fa, mai zare ta kai biyu? Wasu na ce mata sitod.

Malamar Hausa: Dasasshiyar kusa. Oga ya riga ya faɗe ta da bakinsa ɗazu.