Zakaran da Allah ya nufa da cara…

Istifanus Ɗan Gobir: Salama ƴan'uwa. Lahadin nan Fasto ya yi wa'azi kan Ishaya 41:10, ya rufe da cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Muna isa gida wana ya ce to shi ke nan, bana zai koma noma gonarmu ta wajen Madarunfa. Matarsa ta ce in ya tafi ya tarar da ita gidansu, don ƴan bindiga ba su san karin magana ba. Har yau ba sa ga maciji. Bangaskiya ce wannan ko ganganci?

Maman Rifkatu: Gaya wa yayanka Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wani gari ku gudu zuwa wani. Matiyu 10:23.

Mushe Ayuba: Mama, ku yi mini haƙuri. Maganar ba ta ce zakara ya je ya kwana ƙofar muzuru ba, ba ta kuma ce ba ya jin tsoro ba. Yana rawar jiki, yana cara. Ni Bitrus take tuna mini: cika baki da dare, musu sau uku kafin asuba. Shi ɗin ne kuma ya tsaya gaban jama'a ranar Fentikos.

Mai Kabu-kabu: Mushe, a labarinka zakara daban, Bitrus daban 😂 Ni inda na fi jin maganar nan lokacin zaɓe ne. Kowane ɗan takara zakaran Allah ne, in ya hau kujera sai a ga ashe shi ne shahon.

Ƴar Tsibiri: Ku bari in ba ku na kakata. Lokacin yunwar da ake kira Ƴar Buhari, 1984, ga fari, ga iyakar Nijeriya a rufe. Ita kaɗai ce mai bi a gidan, gwauruwa, da ƴaƴa huɗu, har da uwata. Saura tiya biyu ta gero, irin shuka. Kowa ya ce ta daka yara su sha, ta ƙi, ta rataye ta a tsinin ɗaki. Anza suke ci, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Inna ta ce da dare takan ji tsohuwa tana karanta Zabura 23 da ka, don ba ta yi lakwal ba, haƙoranta na kaɗawa. In ta zo wurin kwarin inuwar mutuwa sai ta maimaita, ta maimaita, kamar mai lallashin yaro.

Ruwa ya sauka, ta shuka. Ya ɗauke. Gero ya ƙone ƙurmus.

Istifanus Ɗan Gobir: Kai! Ni na zaci rumbu zai cika.

Ƴar Tsibiri: Ina! Da ƙafa ta kwaso su zuwa Maradi, tana daka a gidajen alhazai ana biyanta da dussa. Amma ba wanda ta binne. Akwai wani jan zakara da ta hana a taɓa, shi ke tashe ta addu'ar asuba. Daren da za su taso ta yanka shi.

Mai Kabu-kabu: Muzuru bai ci ba, shaho bai ci ba, Kaka ta ci 😂😂

Maman Rifkatu: Kai dai Allah ya shirye ka. Amma kun ji ko? Da ta ga babu, tashi ta yi.

Mushe Ayuba: Sai da ta shuka tukuna, Mama.

Baba Dattijo: Ɗiyata, kakarki ba mai zane baƙi ba ce da ke zama bayan zumuntar mata, mai tashi da waƙa kafin a ba da murya? In ita ce na san ta. Istifanus, ku turo mini yayan naka da matarsa bayan addu'ar Laraba. Gonar ma wa ke kwana can yanzu?

Mai Kabu-kabu: Baba, ku tambayi waɗanda suka yi mana alkawarin tsaro da taki. Takin ma har yau yana hanya.

Ƴar Tsibiri: Ita ce, Baba. Muryar dai ba daɗi, amma ba ta fashi.