Tsohuwar 911 ɗin Baba: in tashe ta ko in sayar?

Ɗan direba: Assalamu alaikum. Babbar mota Marsandi 911 ɗin marigayi Baba ta shekara 9 kwance a ƙofar gida, har kaji na ƙwai ƙarƙashin kujera. Katakon bodinta ya ruɓe. 'Yan gwangwan sun taya, amma zuciyata ta ƙi.

Tsohon bakanike: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kar ka kuskura ka murza makulli tukuna. Zubar da tsohon man gas, canza baƙin mai, cire nozul (masu fesa mai cikin injin), ka juya injin da hannu. In ya juya, injin samfurin OM 352 ne, silinda 6, zai tashi. Kayan gyaransa kuwa, leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Tsohon yaron mota: Birki fa, Malam! Tamu a gangaren Jos ta taɓa ƙwacewa, ɗauke da buhunan dankali, 'yan sama suna salati.

Ɗan direba: Baba bakanike, na gwada. Ya juya!