Sayar da hotuna a Shutterstock da Adobe Stock: wane haƙƙi ke saura a hannuna?

Mai Hoton Asawase

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Kumasi, kuma yawancin aikina na biki ne da suna da walimar saukar karatu, a Asawase da Aboabo da Sabon Zango, wani lokaci har Tafo. A shekarun da na yi ina wannan sana'a na tara hotuna masu yawan gaske a kwamfuta, tun daga amare da ƙawayensu har zuwa masu waakye (shinkafa da wake) da masu koko a bakin titi da cunkoson kasuwar Kejetia. Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in ɗora su a Shutterstock ko Adobe Stock, wai ana biyan mutum da dala duk lokacin da wani ya sauke hotonsa. Kafin in buɗe akawu ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga su yi mini bayani. Idan aka sayi hoto, ya fita daga hannuna ke nan har abada? Zan iya ɗora hotunan bukukuwan da na riga na ɗauka? Kuma ta wace hanya kuɗin ke isowa Gana?

Tsohon Hannu a Adum

Wa alaikumus salam, ƙanena. Hoton ba ya fita daga hannunka, domin abin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa lasisi ne, wato izinin amfani da hoton bisa sharuɗɗa, haƙƙin mallaka kuwa yana nan wurinka. Ka ɗauki misalin mai ba da hayar kujeru da rumfa a biki: ana biyansa a yi amfani, kaya kuma nasa ne. Bambancin kawai shi ne hoto ɗaya mutum ɗari za su iya karɓarsa a rana guda, kowa ya biya nasa.

Lasisin da ya fi yawa a Shutterstock da Adobe Stock da iStock shi ne wanda mai saye ke biya sau ɗaya ya ci gaba da amfani da hoton, a ko'ina cikin duniya, ba tare da ya sake biya ba kuma ba tare da wa'adi ba. Yana da iyaka duk da haka. Lasisin gama-gari ba ya wuce bugun kwafi 500,000, kuma ba ya halatta wa mai saye ya buga hoton a riga ko kofi ko kalanda don ya sayar. Wanda ke son haka sai ya sayi faɗaɗɗen lasisi mai tsada, kai ma rabonka ya ƙaru. Akwai tsohon tsari wanda ake yanka farashi gwargwadon ƙasa da tsawon lokaci da irin amfanin da za a yi, har yanzu ana samunsa a Alamy na Ingila, amma kasuwarsa ta ja baya.

Batun kuɗi kuwa, gara ka ji shi tun yanzu. Adobe Stock na ba mai hoto kashi 33 cikin ɗari. iStock, wanda Getty Images ya saya a 2006, na ba da kashi 15 ga wanda bai keɓe hotunansa gare su kaɗai ba. Shutterstock ya sauya tsarinsa a 2020: ana farawa da kashi 15, ana hawa mataki-mataki har kashi 40 ga wanda aka sauke hotunansa fiye da sau 25,000 a shekara, sannan kowace Janairu a mayar da kowa matakin farko. A matakin ƙasa saukewa ɗaya kan kawo santi 10 na dala. Shawarata ita ce kada ka sa hannu a yarjejeniyar keɓancewa da kowa a farkon tafiya, ka ɗora hoto ɗaya a wurare biyu ko uku ka ga inda ya fi motsi.

Wajen karɓar kuɗi, mu a nan Payoneer, kamfanin tura kuɗi ta intanet, muke amfani da shi, tunda PayPal ya daɗe bai buɗe wa mazauna Gana ƙofar karɓar kuɗi ba, daga can kuma sai a tura zuwa banki a cire da sidi. Adobe ba ya biya sai kuɗinka ya kai dala 25. Za su kuma sa ka cike takardar harajin Amurka mai suna W-8BEN, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Gana da Amurka, ana cire kashi 30 daga abin da masu saye na cikin Amurka suka biya, ban da na sauran ƙasashe. Inda takardar ta nemi lambar haraji ta ƙasarka, lambar da ke kan Ghana Card ɗinka ce, domin tun Afrilun 2021 ita ce ta maye gurbin tsohuwar lambar haraji ta ɗaiɗaikun mutane.

Malama daga Bantama

Yaya na Adum ya gama da tambaya ta farko da ta uku, ni kuma ta biyun ce ta sa na tsaya, domin a nan ne mutum zai iya jawo wa kansa shari'a da ɓacin zumunci a lokaci guda. Malam, hotunan bukukuwan nan ka bar su inda suke.

Dokar haƙƙin mallaka ta Gana, ta shekarar 2005 mai lamba 690, tana kare hoto daga lokacin da aka ɗauke shi ko da ba a yi masa rajista ba, kuma kariyar tana ɗorewa tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa. Sai dai sashe na 7 na dokar ya ce idan wani ne ya ɗauke ka aiki, ko ya ba ka kwangilar yin aikin, to haƙƙin cin moriyar kuɗi na wannan aiki nasa ne, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Uban amarya ya kira ka, ya biya ka, ka ɗauki hotuna, to ikon sayar da lasisinsu yana wurinsa, ko da kamara taka ce kuma ainihin hotunan suna cikin kwamfutarka. Masu hoto da yawa a garin nan ba su san wannan ba, saboda cinikinmu na baka ne, a yi magana a waya a tura kafin alƙalami ta momo, wato asusun kuɗi na wayar hannu. Kamfanonin kuwa, ranar da ka buɗe akawu, za su sa ka amince cewa duk abin da ka ɗora mallakinka ne, in rigima ta tashi kuma kai za su tura wa ita.

Ko da a ce haƙƙin naka ne, akwai sauran aiki. Duk hoton da za a sayar don talla, in akwai mutumin da za a iya ganewa a ciki, dole a haɗa shi da takardar amincewa mai ɗauke da sa hannunsa. Ganewar ba ta fuska kaɗai ba ce, zanen lalle ko tabo ko wata sutura ta musamman ma kan sa a nemi takardar. Yaron da bai kai shekara 18 ba, uba ko uwa ko mai riƙonsa ne zai sa hannu. Ka duba hoton kamu ɗaya mai mata goma sha biyar, ka tambayi kanka ko za ka iya bin su gida-gida da takarda.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya sa hannu ba shi da zaɓin mai saye, kai ma ba ka da shi. Sharuɗɗan lasisi sun hana a yi amfani da hoton mutum wajen batsa ko ɓata suna, amma ba su hana banki ya ɗauki hoton mace mai hijabi ya tallata bashi mai ruwa da shi a allo a Legas ko Landan ba. A cikin zango, inda kowa ya san 'yar wane ce kuma matar wane ce, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuma ko ka cire hoton daga kasuwa daga baya, lasisin da aka riga aka saya yana nan daram.

Ƙarin bayani ɗaya, tunda muna kusa da Bonwire da Ntonso, garuruwan da suka shahara da yadin kente da na adinkra. Ita dai wannan doka ta sanya zanen kente da na adinkra waɗanda ba a san mai ƙirƙirarsu ba cikin al'adun gargajiya, ta damƙa haƙƙinsu ga shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma mai son amfani da su don kasuwanci yana neman izinin hukumar kula da al'adun gargajiya ta ƙasa da ke Accra. In ka yi niyyar ɗaukar zanen shi kaɗai, ya cika hoton daga gefe zuwa gefe, don masu buga kaya su saya, ka tuntuɓi hukumar tukuna.

Mai Hoton Asawase

Allah ya saka da alheri, Yaya da Malama. Na ajiye maganar hotunan biki. To na titi fa, waɗanda babu wanda ya sa ni ɗauka? Ina da na Kejetia da na filin idi masu kyau ƙwarai, kuma mai waakyen da ta fi fitowa a hotunana gwaggona ce, ba za ta hana ni ba.

Tsohon Hannu a Adum

Waɗannan naka ne, kuma suna da ƙofa biyu. Ta farko ita ce rukunin labarai, wanda jaridu da littattafan makaranta da masu shirin gaskiya ke saya. Ba a neman takardar amincewa a nan, amma an hana mai saye ya yi talla da hoton, kai kuma an hana ka goge wani abu ko ƙara wani abu a ciki, kuma dole ka rubuta gari da ƙasa da ranar ɗauka da abin da ke faruwa. Shutterstock da Alamy suna karɓar irin wannan. Taron idi da cunkoson Kejetia nan ne wurinsu, domin ko an bar maganar fuskoki, da wuya ka ɗaga kamara a kasuwar nan lemar MTN ta mai momo ko gwangwanin Milo ko allon Maggi bai shigo ba, tambarin kamfani ɗaya kuma ya isa a ƙi hoto a rukunin talla.

Ƙofa ta biyu, ta talla, ita ce ta fi kawo kuɗi, kuma ba a tono ta daga tsofaffin hotuna, shirya ta ake yi. Ka je wurin gwaggo da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, ka kawar da duk roba da leda mai rubutu, ka ɗauki hannunta tana zuba waakye a ganye, da tururin tukunya, da shito da gari da taliya a jere. Hoton abinci zalla ba ya bukatar sa hannun kowa. Ka bar fili a gefe ɗaya inda mai talla zai sa rubutunsa. Hoton kada ya gaza megafiksel 4, ka kuma buɗe shi ga cikakken girmansa a kwamfuta kafin ka tura, domin masu tantancewa suna mayar da hoto saboda ɗan dishi-dishin da ba a gani a waya.

Kalmomin nema da Turanci ake rubuta su, kuma rabin aikin ke nan. Ka sa sunan abincin da Kumasi da Gana da Afirka ta Yamma, sannan ka sa abin da baƙon da bai taɓa jin waakye ba zai rubuta, kamar shinkafa da wake, abincin titi, karin kumallo, ƙaramar sana'a.

Ɗan Alabar

Ni ban ga abin ɗoki a nan ba. Santi 10, a cire haraji, a cire kuɗin Payoneer, ga kuɗin data, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke zuba hotuna a kasuwar ba iyaka, har Adobe Stock na karɓarsu in an yi musu alama. Aikin suna ɗaya ya fi abin da sabon shiga zai tara a watanni. Wanda zai yi, ya yi shi a ranakun da babu biki, kada kuma ya ci bashi ya sayi sabuwar kamara saboda shi.

Malama daga Bantama

Ɗan Alabar bai yi ƙarya ba game da kuɗin, sai dai injin har yanzu yana kuskuren abubuwanmu, kuma mai shirya littafi kan Gana hoton Kejetia na gaskiya yake nema. Ka duba saitunan akawunka na Shutterstock, akwai wurin da za ka zaɓa ko ka yarda a ba da lasisin hotunanka don horar da irin waɗannan injina ko ba ka yarda ba.

Game da gwaggo, Malam, cewa ba za ta hana ka ba bai wadatar ba. Takardar da Turanci take, saboda haka ka karanta mata ita da Hausa a gaban wani babba na gida wanda zai sa hannu a matsayin shaida, ka faɗa mata ƙarara cewa hotonta zai iya bayyana a tallan da ba ta zaɓa ba kuma ba za a iya janye shi ba. In tana da aure a sanar da maigidan, ku kuma yanke abin da za ka ba ta tun kafin a ɗauka, domin takardar ba ta ba ta kaso a cinikin da zai biyo baya. Nan gaba kuma, in ana ciniki da masu biki, ka sa layi a rasit ɗinka da ke cewa haƙƙin hotunan abinci da kayan ado da ba su nuna fuskar kowa ba naka ne, mai biki ya sa hannu a ƙasa.