Neman shawara: zan tuƙo mota ni kaɗai daga Legas zuwa Azare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana nake ba barci. Ina sana'ar gwari a kasuwar Mile 12, kuma Allah ya hore mini na sayi Corolla ta hannu. Mahaifiyata a Azare ƙafa ke damunta, ƙanena kullum sai ya ɗauki shatar Keke Napep ya kai ta asibiti. Yayanmu ya ce ba ruwansa tunda ban shawarce shi ba wajen sayen motar, har yanzu ba ma magana sosai. Ina so in kai motar da kaina. Na ware naira 150,000 na hanya. Zai isa? Ta ina zan bi, a ina zan kwana?

Direban Tanka: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, tafiyar nan ta haura kilomita 1,200. Corolla mai lafiya za ta sha lita 100 ko fiye, in ka kunna AC ƙara a kai. Ka lissafa da farashin yau, tun da aka cire tallafi a 2023 mai ne ke cinye kuɗin hanya. Ka tashi bayan asuba, Ibadan, Akure, Owo, Okene, ka kwana Lokoja. Washegari Abuja, Akwanga, Jos, Bauchi, Misau, ka shiga gida. Kada ka kuskura ka bi Jebba da Mokwa ka ɓulla Birnin Gwari. Kuma magariba ta yi, ka faka.

Baban Ilham: Ni dai ta Kaduna da Kano zan ce, daga Wudil zuwa Azare hanya ce mai faɗi. Kwanonin Akwanga zuwa Jos ba na baƙo ba ne.

Direban Tanka: Malam, shekarunmu nawa a kan titi? Ya bi abin da na ce.

Maman Sadiq: Ni masu karɓar haraji a hanya ne suka fi ci mini rai. Bara sun tsare maigidana wajen awa uku a kan wata takarda da bai taɓa jin sunanta ba, yara na kuka cikin zafin rana. Sai da ya biya. Allah ya isa.

Ɗan Katagum: Ba ka gaya mana ba, takardar kwastam tana hannunka? Ka yi lamba da inshora? Ka taɓa doguwar tafiya? Ka ba masu tirelar dakon motoci su kai maka Kano, kai ka hau bas.

Mai tambaya: Na tambayi masu tirela, kuɗin da suka faɗa ya fi ƙarfina. Kuma wani maƙwabcina da ya ba direba mota, sai da aka canja masa batir da tayoyi. Wanda ya iya tuƙi a Oshodi ina ganin babu inda zai gagare shi.

Direban Tanka: Cunkoso daban, gyangyaɗi a kan gudu daban. Barci ne ke kashe mutane, ba rashin iyawa ba. Kai ta wurin bakanike ya duba birki, belt da lagireto, ka sayi safaya mai kyau da jak. 'Yan Road Safety za su nemi abin kashe gobara da alamar tsayawa. In damina ta yi nisa ka tambayi halin Koton Karfe da ke tsakanin Lokoja da Abuja, a 2022 ambaliya ta rufe hanyar, mun yi kwanaki a wurin. Je Agege ka ɗauki fasinja biyu su rage maka kuɗin mai.

Maman Sadiq: A wannan zamanin zai ɗauki wanda bai sani ba? A'a wallahi.

Mai tambaya: Ni ma ba na son ɗaukar kowa, shi ya sa na ce ni kaɗai. Bakanike ya riga ya gani, ya ce lafiyarta ƙalau. Yanzu masauki mai sauƙi a Lokoja nake nema, inda za a iya faka mota a ciki.

Ɗan Katagum: Maganar takardar kwastam fa? Ba ka amsa ba.