Ƙungiyar abokan ɗakin nunin zane a Maradi: ta ina za a fara tara kuɗi?

Na Bagalam:
Salamu alaikum. Akwai ɗakin nunin zane da sana'ar hannu da ke ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari. Kasafin da ake ba shi ba ya wuce albashin mai gadi da kuɗin wutar NIGELEC. Ana son a fito da katin mamba, a kuma nemi gudummawar alhazan gari. Nawa ya kamata katin ya kasance, kuma wa zai riƙe kuɗin? Masana a taimaka.

Dattijon Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Bar zancen farashin kati tukuna, fara da inda kuɗin za su kwana. Duk abin da aka karɓa da sunan gidan hukuma, asusun hukuma yake faɗawa, kuma fito da shi sai an bi kasafi. Wanda ya ba da jika 50 (sefa 50.000) don fenti ba zai jira shekara ya ga bango ba. Shi ya sa ake kafa ƙungiyar abokan gidan daban, da dokokinta a rubuce, a yi mata rajista bisa dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1984. Sannan a rubuta yarjejeniya da ma'aikatar: kuɗin tikitin ƙofa na hukuma ne, kuɗin kati da gudummawa na ƙungiya, abin da ƙungiya ta saya kuwa ya shiga kundin kayan gidan. In ba a rubuta wannan ba, ranar da aka canza shugaban gidan rigima ta tashi ke nan a kan na wa ne janareto.

Asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a fidda ko dala sai biyu sun sa. Kada ma'aji ya zama ma'aikacin gidan. Lambar Airtel Money ma a yi ta da sunan ƙungiya, ba layin wani ba, don layin mutum in ya rasu gado yake zama.

'Yar Mokoyo:
Baba ya gama magana a kan asusu. Game da kati, mataki uku sun isa: ɗalibi jika 1 a shekara, babba jika 5, mai tallafi daga jika 50 zuwa sama. Yi lissafi da kanka, Malam: manya 200 a jika 5 miliyan 1 ne kacal. Ba zai yi gini ba, amma zai sayi firam, kwan fitila da maganin gara, ya biya mai shara, kuma kuɗi ne da ka san za su dawo baɗi. A rubuta adadin da sefa a jikin katin, 5.000, saboda a baki "dubu" dala dubu ce, wato sefa 5.000, baƙon da ya zo daga Jibiya ko Katsina kuwa wani abu daban zai ji.

Inda ake faɗuwa shi ne sabuntawa. Kada kowane kati ya ƙare a ranarsa, babu mai iya bin wannan a littafi. Duka su ƙare 31 ga Disamba, a fara karɓar na sabuwar shekara tun kaka, lokacin da kuɗin gyaɗa da wake ke hannu. Littafin rasidi mai lamba, rabi ga mai biya, rabi ya zauna a gindi. Kuma a ba mamba abin da zai gani: shiga kyauta shi da mutum ɗaya, gayyata daren da ya gabaci buɗe nuni, ragin kashi 10 a kan abin da ya saya. Amma ragin ya fito daga kason gidan, ba daga na mai zane ba, in ba haka ba dukawa da masaƙa za su kwashe kayansu su koma kasuwa.

Na Bagalam:
Na gode, Hajiya. To alhazan fa? Takarda za a aika musu?

Dattijon Ɗan Gulbi:
Takarda ita kaɗai ƙarƙashin tabarma za ta kwana. A je da ƙafa, tare da wanda Alhajin yake jin kunyarsa, a kuma nemi abu guda mai suna da farashi: buhu 40 na siminti, ko akwatunan gilashi 6, ko motar da za ta kwaso 'yan lakkal kowace Alhamis. Da yawa sun fi son ba da kaya daga shagonsu a kan tsabar kuɗi. A guji azumi da gabanin Sallar layya, hannu ya riga ya tafi wani wuri. Kada kuma a ce zakka ce, masu cin zakka takwas ne a Suratut Tauba aya ta 60, ɗakin nuni ba ya ciki. Sadaka ce ko wakafi. Wani zai ja baya in ya ji zanen mai rai ne, to a kai masa ɓangaren zayyanar allo, aikin fata, saƙa da zanen bangon soro.

'Yar Mokoyo:
Ƙari ɗaya a kan kyautar kaya. Kada a karɓi na'urar sanyaya ɗaki in babu kuɗin wutarta. Kunna ta da rana a kashe da dare ya fi ɓata fata da itace a kan ɗakin da aka bari da zafinsa, don kumbura da motsewa ne ke tsaga su. Gara a roƙi raga ta tagogi da labule mai kauri saboda ƙurar hunturu. Sola ma haka, batir ne ke fara mutuwa a zafin Afrilu, sai a tambayi mai bayarwa tun farko wa zai canza shi.