Korona ta kama ɗiyata mai dashen zuciya, ga mu a Kano

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kaina ya ɗaure. A Ingila muke zaune, mun zo Kano bikin ƙanina a wannan hutun na Agusta. Ɗiyata shekararta 9, nauyinta kilo 26, an yi mata dashen zuciya a Newcastle shekara biyu da suka wuce. Tun shekaranjiya take tari da mura, jiya da dare jikinta ya yi zafi har 38.4, yau kuma gudawa sau uku. Na yi mata gwajin korona da abin gwajin da na taho da shi, layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro.

Tana shan tacrolimus safe da dare, da mycophenolate. Su ne ke danne garkuwar jikinta don kada ta far wa zuciyar. Abin da ke cin raina, in dakatar da su na kwana biyu ko jikinta ya samu ƙarfin yaƙar cutar? Yayan mijina ya aiko da ragowar Paxlovid ɗinsa, wato ƙwayar maganin korona, mai kemis na layinmu ya ba da clarithromycin, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, Hajiya kuma tuni ta jiƙa tazargade. Duk ga su nan a kan tebur ina kallo, ban ba ta ko ɗaya ba.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba ta lafiya. Amma wai har yanzu akwai korona? Ai na ɗauka tun 2023 aka rufe wannan babin. Ki duba maleriya dai, damina ce.

Mai Harhaɗa Magani:
Baban Yara, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye a watan Mayun 2023 dokar ta-ɓaci ce. Cutar na nan tana yawo. Amma batun maleriya ka yi gaskiya, a yi gwajin yau, don ana iya samun biyun tare.

'Yar uwa, kin kyauta da kika riƙe hannunki. Ki kwashe magungunan nan daga tebur kafin wani ya ba ta a bayan idonki. Paxlovid yana ɗauke da ritonavir, shi kuwa toshe hanyar da hanta ke bi ta narkar da tacrolimus yake yi. Sai maganin ya taru a jini ya ninka sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ya taɓa ƙoda, ya kawo karkarwar hannu, har farfaɗiya. Ko babba mai dashe ba a ba shi sai likitocinsa sun sauya masa tsarin tacrolimus suna bin jininsa. Ballantana ita, da ba ta kai shekara 12 da kilo 40 da aka saba gindaya wa maganin ba. Clarithromycin ma wannan hanyar yake toshewa, shi da erythromycin, kuma ba ya kashe korona tun asali. Tazargade kuwa, ki lallaɓa Hajiya ki ba ta haƙuri, jinin da ake auna magani a cikinsa da awo ba a zuba masa jiƙo. Na zazzaɓi, paracetamol gwargwadon nauyinta. Ban da ibuprofen, saboda ƙoda.

Mai Dashen Ƙoda:
Ni shekarata bakwai da dashe, korona ta kama ni sau biyu. Anti, ki rufa wa kanki asiri kada ki tsallake tacrolimus ko sau ɗaya. Ni in ƙodata ta ƙi, akwai injin wankin ƙoda da zan koma. Zuciya fa? Lokacin nawa likitana ne ya tsayar min da mycophenolate na ɗan lokaci ya bar tacrolimus, daga baya ya mayar. Shi ya yanke, da sakamakon jini a gabansa. Sannan gudawar nan ki ɗauke ta da girma, ita kanta tana ɗaga tacrolimus a jini, mutum ya ɗauka zubar da shi take yi alhali akasin haka ne. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna dashen ƙoda tun 2002, likitocin ƙodarsu sun san maganin nan ciki da waje. Su za su nuna miki inda za a auna shi. Ana ɗibar jinin da safe, kafin ta sha na safen.

Anti Nas:
Duk sun faɗi gaskiya, amma ni ban ga inda kika ce kin kira asibitinku na Newcastle ba. Ai sun ba ki lambar da ake kira dare da rana. Ajiye wayar nan ki kira su yanzu, agogonku ɗaya da su a wannan watan. Ki tambaye su batun remdesivir, wani maganin korona. Ta jijiya ake sa shi, kwana uku a jere, a cikin kwana bakwai na farkon ciwo, ana ba yara ƙanana, kuma ba ya rikici da tacrolimus irin na Paxlovid. Ke yau kwana na uku kike, lokaci na tafiya. Dexamethasone kuwa, maganin rage kumburi, sai in yaro ya kai ga buƙatar iskar oksijin, kada wani ya ce a fara shi a gida.

Zuciyar da aka dasa jijiyoyin saƙonta a yanke suke, don haka kada ki jira ta ce ƙirjinta na ciwo. Ki duba numfashi, ko haƙarƙari na lotsawa. Ki duba kumburin ƙafa da fuska, ciwon ciki, amai, ƙin abinci, yawan barci, raguwar fitsari. In abin auna iska na yatsa ya nuna ƙasa da 94, asibiti kai tsaye, kuma ki sani a baƙar fata yakan nuna sama da gaskiya kaɗan. In tana aman maganin ma asibiti ne. Ni ma da so samu ne, likitan zuciyar yara ya gan ta yau. Bayan ta warke ki sa ido har mako shida, in zazzaɓi ya dawo da jan ido ko ƙuraje, ki koma da ita.

Baban Yara:
To, na janye tawa. Sai dai a raba ta da gidan biki, Hajiya ma ai shekaru sun ja.

Uwar Biyu:
Allah Ya saka muku da alheri. Wallahi kunyar kiransu nake ji, don sun ja min kunne kan taron jama'a kafin mu taho. Na kira, ko faɗa ba su yi min ba. Sun ce tacrolimus ya ci gaba a kan lokacinsa, mycophenolate a tsayar sai sun ga sakamakon jini, kuma a kai ta asibiti yau a duba ƙoda da bugun zuciya, a yi gwajin maleriya. Za su turo wasiƙa ta imel ga likitan da zai gan ta. Hajiya ta ɗan yi fushi, ta shanye tazargadenta da kanta. Ga mu a mota yanzu, yarinyar na baya da takunkumi tana tambayar ko za a ajiye mata ankonta.