Tsabtar kod: ado ce ko wajibi?

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python wanda ke sato mini farashin masara da wake daga shafukan intanet, ina kwatantawa da na kasuwar Tudun Hatsi. Yana aiki, sai dai yana da nawa, wani lokacin ma ya tsaya cak. Na kai wa wani babba a wurin aikinmu, ko kunna shi bai yi ba ya ce kod ɗin, wato rubutun shirin, ƙazami ne, wai sunaye duk a da b da x1, komai a dunƙule wuri guda. Ni dai na ce tsabtar kod ado ce kawai. Kwamfuta ba ta san kyau ba.

'Yar Jekadafari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwamfuta ba ta san kyau ba, amma kai ne za ka dawo ka karanta shi. Tun 2001 Python ke da ƙa'idar rubutu, PEP 8, kuma Guido van Rossum da ya ƙirƙiro harshen yana cikin marubutanta: tazara huɗu a farkon layi, layi kada ya wuce haruffa 79. Tsayawar da yake yi kuwa, requests, kayan aikin da ke ɗauko maka shafi, ba ya sa wa kansa wa'adi. In ba ka rubuta timeout ba, wato wa'adin jira, saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin) ta yi shiru, haka zai zauna yana jira. Nawar kuma, ina kyautata zaton requests.get kake kira a kowane zagaye, kana buɗe sabon haɗi kowane shafi. Kamar ka je kasuwa ka sayo albasa ka dawo gida, ka sake komawa sayen tumatir. Yi amfani da Session, haɗi ɗaya ya ishe ka. BeautifulSoup kuma, mai tsamo bayani daga shafi, ka sa ya karanta shafin da lxml maimakon html.parser, ya fi sauri.

Malam na Pantami: Ku dakata. Yaro ya ce "sato" da bakinsa, ku kuna koya masa yadda zai yi saurin satar?

Ɗan Bolari: Haba Malam, magana ce kawai. Abin da aka buɗe wa kowa ya gani nake ɗauka.

Malam na Pantami: An buɗe wa ido, ba a buɗe wa inji ba. Ka nemi izinin mai shafin? Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don bai gan ka ba.

Bawan Allah daga Wunti: Allah ya gafarta Malam, in wannan sata ce to Google ne babban ɓarawon duniya, domin aikinsa ke nan dare da rana.

'Yar Jekadafari: Google yana duba robots.txt kafin ya shiga. Fayil ne da mai shafi ke rubuta inda ya yarda injina su taka da inda bai yarda ba, tun 1994 ake amfani da shi. Ƙanena, ka duba nasu?

Ɗan Bolari: Yaya, ni kan nawa da tsabta na yi tambaya.

Malam na Pantami: Ka ji ko? Bai duba ba.

Bawan Allah daga Wunti: robots.txt roƙo ne, ba doka ba ce. Dokar da muke da ita ta kare bayanai ta 2023 kan bayanan mutane take magana, suna da lambar waya da makamantansu. Farashin buhun wake ba sirrin kowa ba ne. Kuma da Scrapy, babban kayan aikin kwaso bayanai daga shafuka, ya ɗauka tun farko da duk wannan bai taso ba, yana tura buƙatu da yawa lokaci guda, yana da DOWNLOAD_DELAY na sassauta gudu. Mu a ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi, shi muka saba da shi.

Ɗalibin Kashere: To ga shi nan. Ba a magana sai kun sako ATBU. Har 1996 Gombe da Bauchi jiha ɗaya muke, amma kullum kuna mana kallon ƙanne.

Bawan Allah daga Wunti: Wa ya kawo maganar jiha? Scrapy na ce.

Ɗalibin Kashere: Tura buƙatu da yawa lokaci guda shi ke sa saba ta mayar maka da 429, alamar buƙatu sun yi yawa, ta rufe ka. Ɗan ƙaramin shafi na ɗan kasuwa ka danne shi da inji, ai wannan ne zaluncin da Malam ke faɗa.

Malam na Pantami: Ni sata na ce, ban ce zalunci ba. Kada a sa mini magana a baki.

Mai kula da zaure: Ya isa haka, ga abin da aka tsayar. Babban da ya ce kod ɗin ƙazami ne ya yi gaskiya, kuma 'yar uwarmu ta Jekadafari ta gama magana tun farko. Ɗan Bolari, ka raba shirin gida uku: mai ɗauko shafi, mai tsamo farashi, mai adanawa a fayil ɗin jadawali na CSV, kowanne da suna mai ma'ana. Da haka kake tun farko, da kai da kanka ka ga inda yake maƙalewa. Ka sa Session da timeout, ka sa time.sleep don ya ɗan dakata tsakanin shafi da shafi, ka duba robots.txt. Scrapy ya yi wa aikinka girma, ba ma buƙatarsa a nan Gombe. Ka gyara ka turo mu gani.

Bawan Allah daga Wunti: Ranka ya daɗe, ba a tsayar da haka ba. Kai ka tsayar.

Malam na Pantami: Kuma ba wanda ya amsa mini maganar izini.